Tankaɗe da rairaya a kasuwa: abin da ilimin tattalin arziki ya aro daga Darwin

Tambayar da wata ɗaliba ta aiko ita ce: "Malam, ina shekarar ƙarshe a fannin tattalin arziki. Na ci karo da masu cewa kamfanoni suna rayuwa suna mutuwa kamar halittu, mai ƙarfi ya tsira, rarrauna ya tafi, har suna jingina maganar ga ka'idar juyin halitta ta Darwin. Wannan ilimi ne na gaske ko ƙawata zance ne? In kuwa gaskiya ne, ke nan duk wanda kasuwa ta kayar shi ya jawo wa kansa?"

Ilimi ne na gaske, Malama, yana da masanansa da mujallunsa, kuma ni kaina ina ganin ya fi yawancin abin da muke koya muku a ajin farko kusa da yadda kasuwa take a zahiri. Amma rabin tambayarki na biyu amsarsa a'a ce. Wanda ya fahimci ka'idar sosai shi ne zai fara gaya miki cewa tsira ba shaidar nagarta ba ce.

Da farko ki sani bashin nan ba gefe ɗaya aka ci shi ba. A 1798 wani limamin coci a Ingila, Thomas Malthus, wanda masanin tattalin arziki ne, ya rubuta cewa jama'a suna hayayyafa fiye da yadda abinci yake ƙaruwa, don haka dole a yi ta fafutukar neman abin kai wa baki. Charles Darwin ya karanta wannan rubutu a 1838, kuma da bakinsa ya ce a nan ne tunanin ya faɗo masa: idan ana haifar 'ya'ya fiye da waɗanda muhalli zai iya ɗauka, to waɗanda suka ɗan fi dacewa da wurin su za su fi wanzuwa su bar baya. Alfred Wallace, wanda ya cimma wannan ra'ayi shi kaɗai a 1858, shi ma Malthus ne ya buɗe masa ido. Ashe tun farko daga gidanmu aka ɗauki irin, masu ilimin halittu suka shuka shi, daga baya muka koma muna roƙon abin da ya tsiro.

Alfred Marshall, wanda littafinsa na 1890 ya zama ginshiƙin koyar da fannin na tsawon shekaru, ya kwatanta kamfanoni da itatuwan daji: ƙanana suna kokawar fitowa daga inuwar manya, kaɗan su kai ga hasken rana, su yi girma, su tsufa, su ba da wuri. Har ya ce alƙiblar masanin tattalin arziki ita ce ilimin halittu. Duk da haka kayan aikin da ya bar mana na ilimin kimiyyar motsi ne, wato sikeli mai neman daidaito tsakanin buƙata da wadata, domin shi ya fi sauƙin lissafi. A 1898 Thorstein Veblen a Amurka ya rubuta maƙala yana tambayar dalilin da ya sa fannin ya ƙi zama ilimin da ke nazarin sauyi. Tambayar ta daɗe ba ta sami mai amsa ta ba.

To mene ne ainihin abin da aka aro? Abu uku ne, kuma in babu ɗaya daga ciki maganar ta zama ado kawai. Dole a sami bambanci tsakanin 'yan rukuni ɗaya. Dole a sami hanyar da hali yake ɗorewa ko yake wucewa daga wani zuwa wani. Sannan dole a sami abin da yake tankaɗe da rairaya, ya sa wasu halaye su yaɗu wasu su ƙare. Darwin da kansa da masu kiwon tantabaru ya buɗe littafinsa na 1859: mai kiwo yana zaɓar wadda za ta yi ƙwai, bayan zuriya da yawa sai a ga tantabarar da ba ta yi kama da kakanninta ba. (Na san wasu ɗalibai suna jin sunan Darwin sai su ja da baya saboda muhawarar asalin ɗan Adam. Wannan muhawara ce daban. Abin da muke buƙata a nan shi ne abin da likita yake gani a asibiti, lokacin da maganin kashe ƙwayoyin cuta ya kashe masu rauni ya bar masu taurin kai, su hayayyafa har maganin ya daina ci.)

Bari in nuna miki da lissafin da nake yi wa ɗalibai a allo, alƙaluman misali ne kawai. Ga masana'antu biyu masu yin kaya iri ɗaya. A ta farko ma'aikaci yana fitar da guda 10 a yini, a ta biyu guda 6. Kowace tana riƙe da rabin ma'aikatan sana'ar, don haka matsakaicin abin da ake fitarwa 8 ne. Ta farko tana sayarwa da araha, tana cin riba, tana faɗaɗa, ta biyu tana rage ma'aikata. Bayan wasu shekaru kashi uku cikin huɗu na ma'aikatan suna ta farko. Ki sake lissafi: matsakaicin ya koma 9. Babu ma'aikaci ɗaya da ya ƙara ƙwarewa, babu manajan da ya ƙara wayo, amma sana'ar gaba ɗaya ta ci gaba. Ci gaban ya fito ne daga bambancin da ke tsakaninsu. Littafin ajin farko da yake ba ki "kamfani wakili" guda ɗaya ya ce duk sauran irinsa ne, ya share ainihin wurin da abin yake faruwa.

Bambancin kuwa ba ƙarami ba ne. Chad Syverson ya bi alƙaluman masana'antun Amurka, ya gano cewa a cikin sana'a ɗaya, masana'antar da ke kusa da sama tana fitar da kusan ninki biyu na abin da ta kusa da ƙasa take fitarwa, da kayan aiki da ma'aikata daidai wa daida. Binciken Hsieh da Klenow ya nuna tazarar ta fi haka nisa a Sin da Indiya. Shiga da fita ma ba sa tsayawa: hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta daɗe tana nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na sababbin kasuwanci ba sa wuce shekarar farko, kuma wajen rabi ne suke kai shekara biyar. Ki dubi sana'ar mota. A wajen 1900 motar tururi da ta lantarki da ta fetur duk suna kan titi, ba wanda ya san wadda za ta yi nasara. A wajen 1909 kamfanonin ƙera mota a Amurka sun haura 200. Ford ya fito da Model T a 1908, ya kafa layin haɗa mota mai tafiya a 1913, farashi ya faɗi, kuma kafin 1941 waɗanda suka rage ba su kai goma ba.

A 1950 Armen Alchian ya kawo hujjar da ta tayar da ƙura. Ya ce ba sai 'yan kasuwa sun san abin da suke yi ba. Ya ba da misalin dubban matafiya da suka tashi daga Chicago a mota, kowa ya kama hanya da ka, alhali hanya ɗaya ce kawai take da gidajen mai. Waɗanda suka bi ta su ne za su isa, kuma mai kallo daga nesa zai ɗauka masu hangen nesa ne, nan kuwa dace suka yi. Milton Friedman ya ɗauki wannan a 1953 ya juya shi ya zama kariya ga tsohuwar ka'ida: tunda kasuwa tana kashe wanda bai nemi iyakar riba ba, sai mu ɗauka kawai kowa yana nemanta. A nan ne Sidney Winter ya taka masa birki a 1964, kuma a ganina da gaskiyarsa. Rariya ba ta iya zaɓar abin da babu shi a cikin garin. Idan duk kamfanonin da ke fage matsakaita ne, wanda ya fi dama-dama a cikinsu zai tsira, ba gwani ba. Haka kuma idan ribar bana sa'a ce ba wani hali mai ɗorewa ba, babu abin da aka tace, baɗi sai wani ya dace.

Wannan ya kai Winter da Richard Nelson ga littafinsu na 1982, wanda shi ne tushen fannin a yau. Suka ce abin da yake matsayin ƙwayar gado a kamfani shi ne sabon aiki, wato yadda aka saba yin abu a wurin: yadda ake sa farashi, yadda ake ɗaukar ma'aikaci, abin da ake yi idan inji ya tsaya, wanda ake kira idan kaya ya lalace. Sun gina wannan a kan aikin Herbert Simon, wanda ya nuna cewa mutum ba ya auna dukkan zaɓi ya ɗauki mafi kyau, yana tsayawa ne a kan abin da ya ishe shi, sai abin ya daina isa sannan ya shiga neman wani. Yawancin wannan sabo ba a rubuce yake ba. Yana cikin hannuwan mutane da yadda suke hulɗa da juna.

Labarin da ya fi nuna mini haka shi ne na masana'antar mota ta Fremont a jihar Kalifoniya. General Motors ta rufe ta a 1982, lokacin tana cikin mafi muni a kamfanin: fashin aiki, yajin aiki, motoci masu fitowa da lahani. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka dawo da akasarin tsofaffin ma'aikatan nan, aka tura wasunsu Japan horo. Cikin abubuwan da suka tarar akwai wata igiya da ke rataye a saman layin haɗa mota. Duk ma'aikacin da ya ga ƙusa ba ta ɗauru ba, ko ƙofa ba ta zauna daidai ba, sai ya ja igiyar, shugaban rukuninsa ya rugo, in ba a gyara nan take ba layin ya tsaya. A tsohon tsari tsayar da layi babban laifi ne, gara ka bar motar ta wuce da lahaninta a gyara ta can baya. Cikin ɗan lokaci ingancin motocin Fremont ya kusa kamo na Toyota a Japan, da mutanen da aka ce ba su da amfani. Ga inda darasin yake: General Motors ta ga abin da idonta, manajojinta sun yi aiki a ciki, amma ta sha wuya wajen kai shi sauran masana'antunta, gwajin da aka yi a masana'antarta ta Van Nuys bai yi nasara ba. Rataya igiya abu ne mai sauƙi. Sa ma'aikaci ya yarda cewa in ya ja ba za a hukunta shi ba, da sa manaja ya daina ƙirga nasara da yawan motocin da suka fita, da sa masu kawo kayan gyara su canza nasu halin, wannan shi ne gadon, kuma ba a kwafarsa da takarda.

Gadon yakan bi mutane idan sun tashi. A 1957 injiniyoyi takwas suka bar ɗakin binciken William Shockley suka kafa Fairchild, kamfanin ƙera ƙananan sassan lantarki, a 1968 biyu daga cikinsu, Robert Noyce da Gordon Moore, suka fita suka kafa Intel. Steven Klepper ya nuna irin wannan a sana'ar mota ta Detroit: kamfanonin da tsofaffin ma'aikatan manyan kamfanoni suka kafa sun fi sauran daɗewa.

Yanzu ga inda kwatancen yake ɗingishi, kuma ina so ki riƙe shi da kyau. Edith Penrose ta yi gargaɗi tun 1952 cewa kwatanta kamfani da halitta yana mantar da mu niyyar ɗan Adam. Raƙumin dawa bai zauna ya shawarta tsawaita wuyansa ba, kuma ba zai iya kallon giwa ya kwaikwayi haurenta ba. Kamfani yana iya duka biyun. Abin da ya koya a rayuwarsa yana wucewa ga na bayansa, wanda ya fi kama da ra'ayin Lamarck na 1809 da masu ilimin halittu suka ajiye, kuma Nelson da Winter sun amsa hakan a fili. Nokia ta fara a 1865 a matsayin masana'antar sarrafa itace don yin takarda a Finlan, ta bi ta roba da wayoyin lantarki kafin ta zama sarauniyar wayar hannu. Kodak da Fujifilm sana'a ɗaya suke yi, ta fim ɗin ɗaukar hoto, guguwa ɗaya ta same su. Injiniyan Kodak ne ma, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital a 1975, amma kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda karyewa a 2012, ita kuwa Fujifilm ta karkata ilimin sinadaranta zuwa kayan asibiti da magunguna da kayan shafa, ta tsira. Shawarar mutane ce ta raba su. Shi ya sa Joseph Schumpeter, wanda a 1942 ya bayyana jari-hujja a matsayin rusau mai share fili don sabon gini, kuma wanda 'yan wannan fanni suke ɗauka kakansu, bai yarda a jingina bayaninsa ga ilimin halittu ba.

Sai tambayarki ta biyu, wadda ita ta fi damuna. Kalmar nan ta "wanzuwar mafi dacewa" ba Darwin ne ya ƙirƙire ta ba, Herbert Spencer ne a 1864, Darwin ya karɓe ta daga baya. A hannun wasu sai ta koma hujjar cewa attajiri ya cancanci dukiyarsa, matalauci ya cancanci talaucinsa, kuma taimaka masa saɓa wa ɗabi'a ne. An yi amfani da irin wannan tunani wajen halatta mulkin mallaka da wariyar launin fata da hana wasu mutane haihuwa da ƙarfin doka. Zalunci ne, kuma ko a ma'aunin ilimin halittu kuskure ne. Dacewa a wurin masanin halittu tana nufin dacewa da wani muhalli a wani lokaci, ba fifiko ba. Akwai wata jijiya a jikin raƙumin dawa da ke tashi daga ƙwaƙwalwa za ta maƙogwaro, tazarar da ba ta da nisa, amma sai ta gangara duk tsawon wuyan har ƙirji, ta zagayo ta bayan babbar jijiyar jini, ta sake hawowa, tafiyar wajen mita huɗu. Babu injiniyan da zai zana haka. Tarihi ne ya bar ta a nan, kuma kowane ƙaramin sauyi a kan abin da ya tarar yake gini.

Kasuwa ma tana da irin waɗannan jijiyoyi. Paul David a 1985 ya kawo misalin jerin haruffan QWERTY na allon buga rubutu, wanda aka tsara don tafiretar Remington ta shekarun 1870, muke kuma amfani da shi a wayoyin da ba su da ƙarfen da zai sarƙe. Masu buga rubutu sun koyi wannan jeri saboda shi ke ofisoshi, ofisoshi sun saye shi saboda shi masu bugawa suka iya. Gaskiya ne Liebowitz da Margolis sun nuna a 1990 cewa hujjar fifikon wani jerin haruffa daban mai suna Dvorak a kansa ba ta da ƙarfi, don haka kada ki ce an tabbatar mafi muni ne ya ci. Abin da ya tsaya shi ne wanda Brian Arthur ya nuna da lissafi a 1989: inda amfanin abu yake ƙaruwa da yawan masu amfani da shi, ƙaramar sa'a a farkon tafiya tana iya kulle kasuwa a hanya ɗaya.

Babban bambancin kuma shi ne wannan: muhallin da ke tace halittu ba wanda ya zauna ya rubuta shi, amma rariyar kasuwa mutane ne suka ƙera ta. Dokar mallaka, dokar karyewar jari, haraji, haƙƙin ma'aikaci, wanda banki zai ba rance, duk shawarwari ne. Idan doka ta bar masana'anta ta zuba dagwalonta a kogi kyauta, wadda ta kashe kuɗi ta tace nata za ta fi tsada, kasuwa ta kayar da ita, mai gurɓatawa ta yaɗu. Idan kwangila tana zuwa ta hanyar cin hanci, gwanin ba da hanci ne zai hayayyafa. Kafin rikicin kuɗi na 2008, bankin da ya yi taka-tsantsan da bashin gidaje ribarsa ba ta kai ta masu ganganci ba, masu hannun jari suka yi ta matsa wa irinsa ya bi sahu. Tacewar tana aiki sosai a duk waɗannan wurare, abin da take zaɓa ne ba alheri ba. Saboda haka idan kika ga wanda kasuwa ta kayar, tambayar masani ita ce wace rariya aka sa, kuma wa ya sa ta.

Kada kuma ki ɗauka ka'idar nan faɗa da ƙiyayya kawai take koyarwa. A 1973 John Maynard Smith da George Price suka ɗauki ka'idar wasa, wato lissafin yadda masu hamayya suke zaɓar mataki suna duban abin da ɗayan zai yi, daga wurinmu suka kai ta ilimin halittu, suna neman dalilin da ya sa dabbobi ba sa yawan yin faɗan kisa. Misalin da ya shahara daga aikin Maynard Smith shi ne na shaho da kurciya: idan raunin faɗa ya fi abin da ake faɗan a kai tsada, garken da duk shaho ne ba ya ɗorewa. A wajen 1980 Robert Axelrod ya haɗa gasar manhajojin kwamfuta da ke hulɗa da juna a kai a kai, wadda ta ci kuwa ita ce mafi sauƙi, ta Anatol Rapoport: fara da amana, daga nan ka yi wa mutum abin da ya yi maka. Elinor Ostrom, wadda ta karɓi kyautar Nobel a 2009, ta tattara shaidu daga masunta da manoman rani da makiyaya a ƙasashe da dama cewa jama'a sukan gina dokokin raba albarkatu da kansu, ta gwaji da gyara, har su ɗore ɗaruruwan shekaru.

Raunin wannan fanni a matsayin ilimi shi ne ya fi iya bayanin abin da ya wuce a kan hasashen abin da ke tafe, kuma yana da sauƙi mutum ya faɗa tarkon cewa wane ya tsira don ya dace, shaidar dacewarsa kuwa ita ce ya tsira. Wannan zagaye ne, ba bincike ba. In za ki yi aikin kammala karatunki a kansa, zaɓi sana'a ɗaya, ki samo jerin kamfanoninta na shekara goma ko fiye, har da waɗanda suka mutu, domin su ne aka fi mantawa kuma rabin bayanin yana wurinsu. Ki ayyana halin da kike zargin ana tacewa tun kafin ki duba wanda ya rayu. Sannan ki raba ci gaban sana'ar gida uku: nawa ya fito daga gyaran da kowane kamfani ya yi a cikinsa, nawa daga komawar kasuwa hannun waɗanda suka fi iyawa, nawa kuma daga shigowar sababbi da ficewar tsofaffi.